Rumbu Uku Babu Jinka

Na fi shekara goma ina ɗaukar hoto a Ɗambatta kafin wani ya zo har shagona ya gaya mini cewa ban san hoto ba. Shagon ƙarami ne, kusa da inda motocin Kano suke lodi. Fasfo nake yi wa 'yan makaranta da masu neman aiki, ƙarshen mako kuma in bi ɗaurin aure da suna. Wanda ya zo ya raina mini sana'a wani matashin injiniya ne, ɗan wani babba a ƙungiyar ci gaban garinmu. Ƙungiyar ta 'yan ƙauyenmu ce da suka samu abin hannu a Kano da Abuja, mutanen da suke ƙaunar garin ƙwarai da gaske matuƙar ba a ce su kwana a cikinsa ba. Su ne suka sa a gina ɗakin shan magani a bakin gari. Da yake zuwa duba aiki yana ɓata takalmi, sai suka yanke shawarar a riƙa kai musu ginin cikin waya.

Kayan da za su yi wannan aiki injiniyan ya sayo, yana so ya gwada. Ya baje mini su a kan teburina, ya ture hotunan mutane gefe. Akwai kyamara, da wani kai mai juyawa da kansa, da sandar ƙarfe mai zugewa irin eriyar rediyo, sai dai ita in ta miƙe ta fi bene tsawo, da ƙafa uku da za ta tsaya a kai. Kyamarar za ta riƙa juyawa tana ɗauka ɗaya bayan ɗaya har ta zagayo inda ta fara, sannan ta sunkuya ta sake zagayawa. A cikin laftof ɗinsa kuma akwai manhajar da za ta ɗinke hotunan su zama guda, mutum ya riƙa ja da yatsa yana duba gabas da yamma kamar yana tsaye a wurin. Kowace jimla ya faɗa sai ya rufe ta da "ka gane ko?" Ya ce yana neman abokin aiki. Abin da yake nema a gaskiya jaki ne da ya san haske, ya ɗauki kaya ya kuma gaya masa inda rana take. Na gane hakan tun a wurin, amma na yarda, domin kwaɗayin taɓa kyamarar ya riga ya kama ni.

Filin da ake ginin a kai gonar Baba ce. Baba aminin mahaifina ne, kuma bayan rasuwar mahaifina shi ya shige gaba aka nema mini aure. Tun ina rarrafe "ɗana" yake ce mini. A wajenmu gona tana zuwa har gindin katanga, babu taku ɗaya na ƙasa da ba shi da mai shi. Ranar da ƙungiya ta ce tana neman fili, kowa ya shiga duban farcensa. Baba ne ya ce a ɗauki gonarsa ta bayan gida, wadda duk takin dabbobinsa da tokar murhun matarsa Inna suke tafiya cikinta, wadda ko shekara ta yi gardama ba ta ba shi kunya. Ya rage da wata can nesa, mai rairayi. 'Yan ƙungiya suka yi ta yabonsa a waya, suka ce ai Baba babban manomi ne, wannan ba komai ba ne a wurinsa. Babu wanda ya tambaya ko hakan ne.

Shi ma bai ba da ƙofar tambaya ba. Kullum yana kan dakalinsa a ƙofar gida, cikin farar riga mai guga, da carbinsa, masu wucewa suna durƙusawa. In an samu saɓani kan iyakar gona wurinsa ake zuwa. Tun da aka kafa harsashi kuma, kowace azahar sai abinci ya fito daga gidansa zuwa ga magina: dambu ko tuwo, da ƙwaryar fura. Babu wanda ya ɗora masa. Cewa ya yi baƙi ba sa aiki a bayan ɗakinsa da yunwa.

Akwai wata al'ada a garinmu da ban san ranar da na koye ta ba. Duk namijin da zai hau sama, soro ne ko bishiya ko katanga, sai ya tsaya a ƙasa ya ɗaga murya sau uku: "A gafarce mu, za a hau!" Ba zai ɗaga ƙafa ba sai an amsa masa daga gidajen da ke kusa. Baƙo yakan ɗauka don mata su sa mayafi ne kawai. Akwai wannan, amma ba shi kaɗai ba. Tsakar gida tana da abubuwan da ba na idon waje ba ne, ana ba mutane lokaci su kife abin kifewa su janye abin janyewa. Babban maginin da ke riƙe da aikin, wani dattijo ɗan Kunci, kullum da safe sai ya yi wannan kira kafin mutanensa su hau katako, ko da yake daga inda suke hawa jerin ɗakunan Baba ya tare komai. Inna ce take amsa masa, kuma ba ta amsawa ba tare da tsokana ba. Wata rana ta ce su hau amma kada su faɗo mata cikin miya.

Da bazara muka je, ranar wata Alhamis, ginin ya kai linta. Na sauke kaya daga mota ni kaɗai, injiniya yana tsaye da hular kwano fara tas wadda siminti bai taɓa sani ba. Muka kafa ƙafa ukun a tsakiyar ginin, na danne su da bulo, na ɗaura kyamara a kan sanda. Ina shirin murɗawa sai babban magini ya matso.

"Yallaɓai, ba za a yi kira ba?"

Injiniya ya tambayi wane kira. Da aka yi masa bayani ya yi dariya har yana riƙe hularsa.

"Haba Malam, wa zai hau? Sanda ce fa. Sanda za a yi wa sallama? Wannan teknoloji ne, ka gane ko?"

Ni maginin ya juyo ya kalla, domin ni ne ɗan gari, ni ne kuma na san abin da ke kan sandar. Na san ido ne, idon da ya fi na kowane mai hawan bishiya gani. Kalmomin suna bakina. Amma tun daga Ɗambatta yaron nan yake ce mini na fi ƙarfin ƙauye, ya kamata in dawo Kano, ni kuwa ina ta jin daɗi kamar an shafa mini mai. Na ji kunyar in buɗe baki in yi ihu irin na masu gyaran soro a gabansa. Sai na sunkuyar da kai na yi kamar ina ɗaure wani kusa da ya riga ya ɗauru, na murɗa sandar ta hau.

Gwajin kansa abin dariya ne. Tunda kyamarar kowane ɓangare take gani, dole kowa ya ɓuya. Leburori goma sha wani abu suka ajiye kwanon sarki suka laɓe a bayan bango, magina suka tsuguna, injiniya ya ruga bayan tarin bulo yana latsa waya. A zagaye na farko iska ta kaɗa sandar. A na biyu wani mai jaki ya ratsa da mangalar taki, ya tsaya yana gaishe da bangon da ya ji muryoyi a bayansa. A na uku na gaya masa rana ta yi sama, rabin hoton zai ƙone, ya ce manhaja za ta gyara. Siminti da aka kwaɓa yana bushewa a ƙasa, babban magini yana kallonsa. Sai a karo na biyar injiniya ya ce ya samu abin da yake so.

Muka koma gindin darbejiya, ya buɗe laftof a kan cinyarsa, ma'aikata suka kewaye mu ta baya suna jiran abinci. Manhajar ta yi ta tunani, sannan ta fito da abin da ta ɗinka. Bangon gabas ya lanƙwashe ciki. Ƙofar ɗakin haihuwa ta zama biyu, ɗaya a kan kafaɗar ɗaya. Rodin linta ya karye a tsakiya ya ci gaba daga wani wuri. Babban magini ya daɗe yana kallo, sannan ya ce tun yana saurayi yake ɗora bulo da igiya, bai taɓa yin bango a karkace ba sai yau da kwamfuta ta yi masa. Leburori suka kwashe da dariya. Ni ma na yi, kuma ita ce ta ƙarshe da na yi a ranar.

Injiniya ya sha kunu, ya ce ba laifin manhaja ba ne, laifin wurin ne. Wai ita tana neman alama ne, abu guda da ya fito a hoto biyu maƙwabta, ta kama shi ta haɗa bakinsu. To bulo duk kamarsu ɗaya, gonaki a bazara duk fayau suke, sama kuma babu ko gajimare. Garinmu ne bai da abin kamawa, ka gane ko. Don haka sai ya nuna mata alamar da hannu. Ya shiga jan hotuna yana neman abin da ya fita daban, har ya iso ɓangaren arewa, ya ce yauwa. Ya buɗe yatsu biyu ya jawo wurin kusa.

Tsakar gidan Baba ce ta cika allon. Can bayan ɗakuna, inda ba a gani daga ko'ina, rumbunansa uku ne a jere. An sauke jinkar duka ukun an jingine a ƙasa, da alama sabuwar ciyawa za a yi musu kafin ruwa ya sauka. Daga sama ana ganin cikinsu har ƙasa. Babu dami ko ɗaya. Na tsakiya ma kaza ce kwance a ciki. Turken da na san shi da tumaki babu komai sai igiya da busasshen taki.

Duk wanda ke tsaye a bayanmu manomi ne, aikin gini cin rani ne kawai. Babu wanda yake bukatar a fassara masa. Mutum ba ya buɗe rumbunsa uku a rana ɗaya ya bar su a rana sai in babu abin da yake tsoron tsuntsu ya ci. Ga shi ko shuka ba a yi ba, sabon gero yana can gaba da watanni. Na ji wani a bayana ya ja numfashi, wani ya matsa baya ya juya fuskarsa wajen gonaki.

Injiniya kuwa murna ta cika shi.

"Kalli kwaliti, don Allah. Kun ga kaza? Har ƙwan da ke gefenta ana gani."

Ya ɗora alama a bakin rumbu na farko, ya nemo shi a hoto na gaba ya sake ɗorawa. Ya yi wa na biyu, ya yi wa na uku, a hankali, yana ƙara jawowa kusa don kada ya kuskure. Ya fi minti goma yana yawo a cikin rumbunan bawan Allah nan, a gaban mutanen da suke durƙusa masa kowace safiya. Da ya latsa, bangon gabas ya miƙe, ƙofa ta koma ɗaya, rodi ya haɗu. Ya dube mu yana jiran tafi.

A daidai nan leburori biyu da aka aika zauren Baba suka iso da abinci. Dambu ne da zogale, da ƙwaryar fura kamar kullum. Aka ajiye a tsakiya, babu wanda ya miƙa hannu. Babban magini ya dubi mutanensa ɗaya bayan ɗaya, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ku ci. Ku cinye tas kamar jiya. In kwano ya koma da saura, zai san an gani."

Muka ci. Injiniya ya fi kowa loma, har yana cewa da an ƙara mai da ya fi daɗi.

Na ja shi gefe na ce ya rufe wannan ɓangaren kafin ya tura. Ya ce ba zai yiwu ba, a kan rumbunan nan hoton ya tsaya, in aka taɓa su komai zai wargaje. Daga baya, da na koyi manhajar da kaina, na gano aikin minti biyu ne, ƙyuya ce kawai da son a ga kyan kyamararsa. Ya sake jawo wurin ya nuna mini.

"Mene ne a ciki? Babu mace ko ɗaya. Na duba."

Iyakar abin da ya sani game da sirrin gida ke nan. Ni kuma don in fahimtar da shi dole sai na faɗa da bakina cewa Baba ba shi da hatsi, ga yaron da zai maimaita a mota da ofis. Maimakon haka na yi ta kewaye-kewaye, na ce bai dace ba, na ce mutanen ƙauye ba sa so. Ya dafa kafaɗata ya ce in daina tunani irin na da. Kafin la'asar ya hau tarin bulo yana neman sabis, shi ma ba tare da kira ba, ya tura wa 'yan ƙungiya.

Kwana biyu suna yabon hoto. Na fara sa rai cewa birni ya wanke musu ido, babu wanda zai lura. A rana ta uku wani daga cikinsu, wanda bai gama manta noma ba, ya lura. Da mutumin kirki ne da ya kira mutum ɗaya a asirce. Shi sai ya zana jan da'ira a kan rumbunan, ya mayar cikin guruf ɗin ƙungiya na waya, ya bi da dogon rubutu mai cike da tausayi da ayoyi, yana cewa ga halin da dattijon da ya ba mu fili yake ciki. Kafin magariba hoton ya isa wayar mai shayin garinmu.

Ba wai ba mu san yadda ake taimakon mutum irin Baba ba ne. Ana aika mace wurin mace. Ana kai hatsi a ce wani iri ne aka samo, a gwada a ga ko zai karɓi ƙasar nan, mai karɓa ya san ba iri ba ne, mai bayarwa ya san ya sani, kowa ya tashi da mutuncinsa. Babban magini har ya riga ya fara, matarsa ta zo daga Kunci takanas da irin da ya fi ƙarfin shuka. Amma wannan hanya ba ta da hoto, saboda haka ba ta yi wa ƙungiya ba.

Ranar Asabar ta mako na gaba suka zo da motoci, da a-kori-kura cike da buhuna, da lasifika, da wani ƙyalle da aka rubuta sunan Baba da manyan baƙaƙe, a ƙasa an sa "tallafi". Aka jera buhunan a ƙofar gidansa, daidai gaban dakali, yadda kowa zai iya ƙirgawa. Gari ya taru. Mutum huɗu suka yi jawabi, kowanne ya sake bayyana abin da aka gani a rumbu, ko da akwai wanda bai ji ba. Baba yana tsaye cikin farar rigarsa, ya yi godiya kamar yadda ya kamata, bai rage kalma ba. Fuskarsa kawai na kasa kalla.

Injiniya ya ce wannan taro ya cancanci hoton zagaye. Na sake kafa ƙafa uku, wannan karon a ƙofar gidan. Ina ɗaura kyamara Baba ya yafito ni da hannu. Na je na durƙusa.

"Ɗana, ita ce wannan?"

"Ita ce, Baba."

Ya dube ta daga ƙasa har sama.

"Ba ta da laifi, ƙarfe ce. Shi ma yaron baƙo ne, ba a nan ya tashi ba. An ce kai ka murɗa ta."

"Ni ne, Baba."

Ya ja carbinsa.

"To yau ka yi kira. Innarka tana tsakar gida."

Na miƙe na tsaya a gindin sandar, a gaban manyan riguna da lasifika, na ɗaga murya. A gafarce mu, za a hau. Wasu daga cikin baƙin suka yi murmushi, ɗaya ya ce kai, al'adunmu masu kyau, ya ɗaga waya yana ɗaukata. Na sake kira. Na yi na uku. Sannan muryar Inna ta fito ta kan katanga, babu tsokana a cikinta.

"Ku hau mana. Me ya rage?"

Na murɗa sandar ta hau. Hoton ya fito lafiya lau, domin an samu abin kamawa da yawa, ga huluna ga buhuna. An mayar wa rumbunan jinkarsu, sabuwa, an ɗaure tsaf.

Ginin ya ƙare kafin kaka, yana nan ana shan magani. Abinci bai sake fitowa daga gidan zuwa ga magina ba, domin Baba ba zai ciyar da baƙo da hatsin da gari ya ƙirga ba. Ya ɗauke buzunsa daga dakali ya mayar cikin zaure, masu rigimar iyaka suka koma wurin wani. Ina zuwa gaishe shi duk ranar da na shiga gari. Yana amsawa da kyau, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya sa albarka. In zan tafi sai ya ce, "A sauka lafiya, Malam mai hoto."